Biyar a Marwa

Shekarun da na yi ina tura alhazai a keke tsakanin Safa da Marwa, akwai abin da mu masu turin muke kira rage hanya. Sa'ayi sawu bakwai ne, a Marwa ake gamawa. To sawu na biyar ma a Marwa yake ƙarewa. Idan tsoho ya yi gyangyaɗi, sai ka taɓa kafaɗarsa ka ce, "Khalas, ya haj," wato an gama, Alhaji. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zunubi a cikinmu. Dabara ce, in ji mu, kuma zafi ne ya jawo.

Wata rana na ɗauki wani tsoho ɗan Bosniya, fari tas, mai Larabcin littafi. A sawu na biyu ya yi barci. A na biyar na tsaya, na tashe shi.

Bai tambayi lissafi ba, sai ya kama hira. Wai shi malamin jami'a ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken inda kakanninsu, da Rashawa da sauran danginsu, suka samo kalmar zunubi ta harshensu. Wasu masana sun ce daga ƙuna ta fito, yadda abu yake ƙona mutum a ciki. Wasu sun ce a'a, daga kauce wa hanya ne. Har yau suna ta faɗa a takarda.

Ni da sai yanzu nake koyon haɗa baƙaƙe a wani aji a unguwar Jarwal, na ce a raina: ikon Allah. Mutum ya yi furfura yana neman asalin zunubi, ga zunubin nan a bayansa riƙe da kekensa, bai waiwayo ba.

Sai ya shafa kansa ya ce in kai shi wurin aski. Da an aske shi zai cire harami, ya koma ƙasarsu da Umara mai giɓi, bai sani ba. Da waɗannan ƙafafun nasa kuwa ba zai sake zuwa ba.

Na ce, "Baba, saura biyu."

Na juya keken. Wani Basakkwace abokin aikina, da ya ga tsayawata, ya ɗaga murya: "Kai malam, yaushe ka tuba ba ka gayyace mu walima ba?"

Tsohon ya ce gara da na faɗa, don bai gama ba ni labari ba, akwai ra'ayi na uku. Haka na tura shi Safa na dawo da shi, yana bayani, ina haki.