Wuƙar da Cindo Ya Saya da Jakinsa

Duk wanda ya zauna unguwar Hausawa a Gadarif ya san Cindo. Ko bai san sunan ba ya san tafiyar, don bayansa ya lanƙwashe kamar mai neman allurar da ta faɗi a ƙasa. Yatsa shida Allah ya ba shi a hannun dama. Mu maƙwabta mun daɗe muna ce masa an ƙara masa ne don ya damƙe arziki da kyau, sai dai arzikin bai taɓa biyowa ta layinmu ba, balle a gwada.

Kakansa ya taso daga yamma da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna. Cindo ya gaji zaman amma bai gaji gona ba. Tun yana saurayi lori ke kwasarsu da kaka zuwa mashru, manyan gonakin attajirai da ido ba ya ganin ƙarshensu. Tarakta ce ke huɗa, ita ke shuka, amma riɗi ba ruwansa da inji. Sai mutum ya duƙa da lauje ya yanke shi da sauri kafin kwanso ya fashe ya zube. A wannan duƙawar Cindo ya baro bayansa. Da wakilin gona ya daina kallon wajensa in ana ɗibar ma'aikata, sai ya tattara abin da ya rage masa ya sayi jaki da ganga, ya shiga sayar da ruwa gida-gida. Garinmu ba ya ƙoshi da ruwa, saboda haka shi da matarsa Lami da 'yarsu Huseina ba su kwana da yunwa, ko da yake ba su kwana da nama ba.

Da ya tsaya nan da ba ni da labari. Wata rana a kasuwa ya tarar da mutane sun yi da'ira gaban wani mai shagon rediyo da tocila. Mutumin ya fito da wani akwati da ya ce daga Masar aka kawo. Ya sa ƙwai a jaka ya ɓace, ya haɗa zobban ƙarfe marasa baki, sannan ya daɓa wa cikinsa wuƙa har mariƙi, ya zare ta, ko ɗigon jini babu. Cindo ya tsaya baki buɗe har jakinsa ya cinye wa wata mata ganyen da take sayarwa.

Bai yi shawara da kowa ba. Jaki da ganga suka tafi, akwati ya zo. Mai shagon ya ja shi bayan kanti ya nuna masa yadda kowane abu yake. Wuƙar ashe ba ta da kaifi, kuma da an danna tsininta sai ruwanta ya shige cikin mariƙi, wani sifirin ya sake turo shi waje.

"Ya hajji, ba ƙarfe na sayar maka ba," in ji mai shagon. "Shiru na sayar maka. Ranar da ka buɗe baki, kayan nan sun zama na wasan yara."

Ƙwan nan Cindo bai taɓa iya shi ba. Hannun da ya shekara da shekaru a kan lauje ya yi kanta, ba ya jin abin da ke cikinsa. In ya ce ƙwai ya ɓace, sai ka gan shi yana gangarowa ta ƙafar wando. Zobban ma haka, har ya zuba su a kwando. Amma wuƙa ba ta son dabara, ƙarfin hali take so da ɗaure fuska, shi kuwa fuskarsa a ɗaure aka haife ta.

Sai ya riƙa bin lori zuwa kambo, sansanin ma'aikata da ke bakin kowace gona. Ranar da ake sallamar ma'aikata da kuɗinsu, da la'asar, zai tuɓe riga ya tsaya gaban mutanen da suka zo daga yamma da kudu da ƙasar Habasha, ya yi ta motsa baki, ya daɓa wa cikinsa. Ana zuba masa silalla a hula, ana ajiye masa tuwo da miyar busasshen kifi. Bai taɓa cewa yana da maganin ƙarfe ba. Da aka faɗa kuma bai musa ba. Kafin kaka ta ƙare an fara ce masa Faki Cindo, wato malam, shi da Fatiha ma yake ja da ƙyar. Mutumin da wakilan gona ke kira da "kai, zo nan" ya wayi gari ana shimfiɗa masa tabarma. In mun tsokane shi, "Faki, a tofa mana mana," sai ya yi murmushi ya gyara hula. Gaskiya ya ji daɗin abin, kuma wa zai ga laifinsa.

Lami ma bai gaya mata sirrin ba, ko da yake ya sha daɓa wuƙar a gabanta. Akwatin na ƙarƙashin gado a kulle, ita kuma ta daina share wajen don tsoro.

Kaka ta biyu ce ta zo da Harisu, ƙanin Lami, magidanci mai 'ya'ya da baki fal a gida. Ya samu aikin gadin buhunan riɗi a wata gona can gaba da Basunda, kusa da iyaka, inda 'yan shifta, 'yan fashin yankin, ke saukowa su kwashi abin da suka samu. Wanda ya riƙe gadin kafin shi a kan gado aka dawo da shi. Harisu ya zo da hantsi, ya zauna a tsakar gida, Lami tana dafa musu gahawa.

"Yaya Cindo, ba dogon zance na zo da shi ba. Ka jiƙa mini abin nan in sha."

"Wane abu?"

"Haba, kai da ka cinye mana 'yar'uwa kyauta, yau za ka yi mini kurma? Abin da kake sha ƙarfe ba ya cin ka."

"Gadi dole ne? Ka je yankan riɗi kamar kowa."

"Yanka na sati nawa ne? Wannan har bayan kaka. Kuma mai gonar ya ji cewa mijin yayata ne kai, shi ya sa ma ya ɗauke ni. Na ce masa in sun zo ba gudu, ni da su ne."

Lami ta ajiye mahuci ta dubi mijinta. "Abu Huseina, ɗan'uwana ke nan ɗaya tilo. Baƙi ma ka tsaya gabansu, balle shi."

 Abin ba wuya a ce Cindo ya yi: ruwa a ƙoƙo, ya tsoma wuƙa, ya tofa, kowa ya tashi da farin ciki, tabarmarsa na nan a kowane kambo. Amma ya san Harisu. Ko ba magani yana da taurin kai, ina ga an ce masa adda ba ta kama shi. Zai tsaya gaban buhun wani ya buɗe ƙirji.

Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin. Ya miƙa wa Harisu wuƙar ya ce, "Danna ta a tafin hannunka."

Harisu ya danna a tsorace. Ruwan wuƙar ya shige, ya fito. Ya sake dannawa. Ya danna a gwiwa, ya danna a murhu, har ya danna a bayan kaza da ta zo wucewa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ba ni da komai, Harisu. In sun zo ka gudu. Riɗin ba na ubanka ba ne."

Harisu ya yi dariya har da hawaye, irin dariyar da ba daɗi a cikinta, ya tashi bai sha gahawar ba. Bakinsa kuwa ba ya riƙe ko ruwa. Kafin azahar an ji a wajen mai shayin tasha, daga tasha direbobin lori suka raba labarin kyauta har Fau da Gallabat. Da Cindo ya je kambo na gaba, yana tuɓe riga wani ya ce, "Faki, ga laujena, gwada da wannan." Aka bushe da dariya. Ya mai da rigarsa. Ranar ko tuwo ba a ajiye masa ba, kuma sai da ya roƙi direban lori ya dawo da shi a saman buhuna.

Ya koma wurin mai shagon ko zai karɓi kayansa. Mutumin ya ce, "Ai na gaya maka," ya ci gaba da kunna rediyo.

Yanzu Cindo na kasuwar amfanin gona yana ɗinke bakin buhu, aikin da ake yi a zaune. In mai jaki ya wuce da ganga yakan bi shi da kallo har ya sha kwana. Mun rage tsokanarsa, don ba ya ramawa, kuma tsokanar da ba a ramawa ba ta da gishiri. Na taɓa tambayarsa ko akwatin ya biya kuɗinsa. Ya ce wuƙar ba ta cuce shi ba, abin da aka ce tana yi shi take yi. Sai ya ja zarensa.

Harisu ya tafi gadin duk da haka, don yara ba su cin tsoro. 'Yan shifta suka zo kamar yadda aka zata. Ya jefar da sanda ya faɗa cikin dawa, ɗaya daga cikinsu ya same shi da adda a damtse yana gudu. Ya dawo da ransa, hannun hagu ya shanye, mai gona ya kore shi. Ba ya son a tayar da zancen, don a garin nan gudu ba abin faɗa ba ne, kuma bai sake taka gidan yayarsa ba.

Abin da ya fi ci wa Cindo rai a cikin gida yake. Duk Gadarif ta yarda ba shi da komai, ban da Lami. Ita ta ga wuƙa ta shiga cikin mijinta da idonta, ba sau ɗaya ba. A wurinta wuƙa biyu ce: ta gaske ya ɓoye, ta ƙarya ya fito da ita don ya hana ɗan'uwanta. Ya rantse, ya zazzage akwatin a gabanta, ta ce mai irin wannan abu ai ba a akwati yake ajiyewa ba. Tana dafa masa, tana wanke masa, amma tun ranar da aka kawo Harisu magana ta ƙare a tsakaninsu. In tuwo ya nuna sai ta ce wa Huseina, "Gaya wa ubanki," alhali yana zaune a gabanta.