Inda Gwaggo ta ce labarin ya fara

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Batsari, ciwon rubutu ya kama ni sosai. A waya nake rubuta labarai ina tura wa ƙawayena, su kuma su yi ta zuga ni, har na fara jin kaina wata babbar marubuciya. Ana haka sai taubashina, ɗan yayar mahaifina, ya zo mini da maganar fim. Shi a Katsina yake zaune, yana da kyamara da 'yan abokansa, suna haɗa gajerun fina-finai su ɗora a intanet. Ya ce in rubuta masa labarin mace, amma ba budurwa ba, wai ya gaji da samari da 'yan mata suna zagaye bishiya. Dattijuwa yake so.

Na ce masa an gama. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba don zumuɗi, sai hango sunana nake yana wucewa a farkon fim.

Ban yi nisa wajen neman labari ba, don yana cikin danginmu. Gwaggo, mahaifiyar shi taubashin nawa, tana zaune a Safana a gidan mijinta marigayi, ta haura hamsin. Ta yi shekaru ba aure bayan rasuwar, sai wani dattijo tela a Batsari, wanda shi ma matarsa ta rasu, ya nemi aurenta. 'Ya'yanta suka yarda bisa sharaɗin auren ɗauki-sandarka za a yi, wato tana ɗakinta, shi zai riƙa zuwa. A ganinmu duka aure ne na sutura, don kada tsohuwa ta koma ga Allah ba igiya a kanta. Na ji ƙishin-ƙishin cewa daga baya ta nemi ta tare a gidansa, taubashina ya ce a'a, me mutane za su ce. Ban ɗauki zancen da nauyi ba, ni ma dariya na yi.

Sati uku na yi ina rubutu. Na fara daga ranar sunan matar, na bi da ita tiryan-tiryan: talla, aure, daka, surfe, haihuwa, jinyar miji, takaba. Fitowa arba'in cur. A ta ƙarshe aka ɗaura mata aure na biyu, aka shafa fatiha, kyamara ta ɗaga sama ta nuna gajimare. Ni kaina da na karanta sai da na yi hawaye, na ce lallai Allah ya yi mini baiwa.

Abu ɗaya ya rage, ban san yadda ake zaman takaba dalla-dalla ba. Sai wata Asabar na hau mota zuwa Safana. Na tarar da Gwaggo a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya, ta kawo mini fura, sannan na ciro takarduna. Na ce labarin wata mata ce 'yar ƙauyen Karare. Ta ce to, in karanta.

Ina karatu ina kaɗa murya kamar mai shirin rediyo. Wajen fitowa ta ashirin na ɗaga kai, sai na ga Gwaggo na gyangyaɗi, gyaɗa ɗaya a hannunta. Na yi tari, ta farka, na ci gaba. Da na kai gajimare na ajiye takarda ina jiran yabo.

Ta ce, "Sai kuma mi?"

Na ce, "Shi ke nan, Gwaggo. An ɗaura aure, fim ya ƙare."

Ta dube ni. "Ɗiyata, duk wanga daka da surfe da kika jera, wace mace ce ba ta san shi ba? Wa zai zauna ya kalli abin da ya baro a tsakar gidansu? Inda kika tsaya, ai nan labarin ya fara."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Sati uku fa. Amma kafin in buɗe baki ta mayar da idonta kan gyaɗa ta ci gaba da magana, ba ta ƙara kallona ba. Kuma ba ta taɓa cewa "ni" ba, sai dai "ita matar ta Karare".

Ta ce mijin matar na farko mutumin kirki ne, bai taɓa zaginta ba, bai bar ta da yunwa ba. Ta haifa masa bakwai. Amma duk tsawon zaman nan, abin da ke tsakanin miji da mata ta ɗauke shi cikin ayyukan gida ne, kamar ɗebo ruwa, a yi a wuce. Ba ta taɓa sanin cewa ita ma tana da nata rabo a ciki ba. Sai da wannan dattijon ya zo. Ranar farko da suka keɓe ya tambaye ta me take so, ta rasa amsa, don ba wanda ya taɓa tambayarta. Daga baya sai ta tsinci kanta tana sauraron ƙarar babur ɗinsa tun hantsi. Ta sayi kwalli, ta ɓoye turaren wuta a ƙasan akwati don kada surukai su gani. In ya tafi, kwanakin da ke tsakani su yi mata tsawo kamar azumin bazara.

"Da furfura a kanta fa," in ji Gwaggo, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ta ɗauka wani ciwo ne. Ashe lafiya ce ta zo a makare."

Sai ta ce, "Ranar da na raka ki ɗakin miji, haƙuri kaɗai na ce maki, ko? Shi kaɗai na sani a lokacin."

Kunya ta rufe ni, amma a lokaci guda zumuɗi ya kama ni, irin wanda mai rubutu ke yi in ya ga labari na gaske a gabansa. Na ce, "To Gwaggo, me ya hana matar ta tare?"

Ta ce, "Wanda ya hana, ba ta iya faɗin sunanshi ma, bare ta zaunar da shi ta yi mashi wanga bayani." A nan na gane. Taubashina ɗan fari ne, tsakaninsa da ita kunya ce tun yana goye, ko ido ba sa haɗawa sosai. Da na tashi tafiya ta raka ni har zaure, ta ce, "Shi wancan mai fim ɗin, yana karanta duk abin da kika rubuta?" Na ce yana karantawa. Ta ce, "To ki rubuta da kyau."

A motar komawa Batsari na fara sabon tsari a bayan tsohuwar takardar, mota na tsalle biro na zamewa. Ɗaurin auren da na ajiye a ƙarshe na ɗauko shi na kai fitowa ta farko. Shekaru talatin na wahala na matse su cikin waiwaye biyu gajeru. Sauran fim ɗin duka ya koma kan kwanakin jira da ranakun zuwa: yadda take share ɗaki sau biyu, yadda ta fara kallon madubi a sace, ranar da ta iya amsa tambayar nan. Ba abin da masu tace fim za su yanke, ƙofa ce kawai ke rufewa, amma duk babba zai gane. Na mai da mijin mai gyaran rediyo, mai hana tarewar kuma na mai da shi ƙanenta. Ƙarshen na bar shi yadda yake a zahiri: tana zaune a tsohon ɗakinta tana sauraron babur.

Taubashina ya zo Batsari ranar kasuwa ya karanta a zaurenmu. Tun a shafi na uku ya miƙe tsaye. Yana karatu yana kai da kawo, yana cewa nan zai sa kyamara ta taga, nan ba a bukatar magana ko ɗaya. Ni kuma ina gefe ina ta washe baki. Da ya kai ƙarshe sai ya ɓata rai.

Ya ce, "Ke dai ba ki iya ƙarasa abu ba, tun muna yara haka kike. Mace ta yi shekara hamsin ba ta san kanta ba, ta zo ta sani, sai ki bar ta zaune tana jiran babur? Wanga ƙanen nata mi ya tsare mashi? Mutane za su ce, mutane za su ce. Mutanen ne za su kwana mata a ɗaki? Ki bar ta ta tare, shi ne ƙarshen da ya dace."

Na dube shi. Na ce, "Ni ba ni na hana ta ba. Kai ka bar ta."

Ya buɗe baki zai yi mini tsiya irin ta taubasai, sai ya tsaya. Ya koma shafin farko, ya sake duba na tsakiya. Na ga kunya ta kama shi. Ya naɗe takardun ya sa a aljihu, ya fita ko sallama babu. Na ce shi ke nan, na rasa fim, na rasa ɗan'uwa.

Kwana goma bai kira ni ba. A na sha ɗaya ya bugo, bai ambaci fim ba sam. Cewa ya yi ya samo akori-kura, in shirya ranar Lahadi za mu kwashe kayan Inna, wato Gwaggo. Shi ya tuƙa da kansa. Gwaggo na gaba ta sha lalle har idon sawu, ni ina tsakiyarsu, daga Safana har Batsari. Da muka tsaya a ƙofar gidan telan ta sauka, ta gyara mayafi, ta dube ni ta ce, "Ki ce ma direban Allah ya yi mashi albarka." Shi kuma ya duƙa kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba.

Fim ɗin an yi shi daga baya, da ƙarshen da ya nema, kuma har yau ina alfahari da shi ko da yake sunana da ƙananan haruffa ya rubuta. Abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda na rufe rayuwar mace a daidai inda ta buɗe, don kawai na ga furfura. Ba a takarda kaɗai na yi haka ba, duk danginmu haka muka yi mata, da kyakkyawar niyya kuma. Yanzu duk wanda zan rubuta labarinsa, sai na fara tambayar kaina me yake so da bai iya faɗa ba.

Gwaggo tana nan a Batsari, ta yi ƙiba abinta. Ko jiya da la'asar na kira ta mu gaisa, ko gama tambayar lafiya ban yi ba ta ce, "Ɗiyata, ki kira gobe, maigidan ya shigo." Ta kashe wayar.