Ƙofar Karaban da Ƙafar Inna

Ko shekara nawa Allah zai ara mini a duniya, ba na jin zan manta da ranar da muka je zaɓen ƙofar karaban a Kuala Lumpur. Wanda ya ji zai iya yin dariya, ya ce ƙofa ma har ta zama abin tunawa. Amma ni har yau idan na ga tsohuwa ta ɗaga ƙafa za ta hau matakala, sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina karatun digiri na uku a jami'ar da ke Jalan Semarak, maigidana kuma yana koyarwa a wata jami'ar. Da na haifi 'yata ta biyu, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo daga gida don ta yi mini jego. Niyyarta ta ga na warware ta koma. Ba ta daɗe da zuwa ba korona ta ɓarke, aka rufe iyakoki, jirgi ya daina tashi. Sai ga Inna, matar da ta saba da tsakar gida da kaji da sallamar maƙwabta tun safe, ta maƙale a wani bene mai tsawo a Sentul, inda ko mutanen ƙasa ba a gani sai kamar tururuwa.

Dama tana da ciwon suga da hawan jini, don haka muka killace ta fiye da kowa. Ana cikin wannan kulle wata safiya ta tashi bakinta ya karkace, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. Allah ya taƙaita, an yi saurin kai ta asibiti, magana ta dawo, hannu ya dawo, amma ƙafar sai ja. Daga nan Inna ta canza. Ta daina ba da labari, ta daina tsokanar jikokinta. Sai ta ja kujera bakin taga ta zauna da carbi, tana kallon jirgin ƙasa yana wucewa. Likitan da ke duba ta ya gaya mana cewa tana buƙatar iska da motsi, amma cunkoson mutane na iya kashe ta. Muka rasa inda za mu sa kanmu.

Maigidana ne ya kawo shawarar karaban, wato ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota, da gado da banɗaki da wurin girki a ciki. Ya ce tun da tafiya gida hutu ta gagara, mu sa abin da muka tanada a wannan. Duk ranar da aka sassauta kulle, sai mu ɗauki Inna zuwa bakin rafi ko gindin tsauni, ba otal, ba gidan abinci, ba cuɗanya da kowa. Ya samo wani Basine mai garejin ƙera su a gefen gari. Mutumin ba ya ajiye gamamme, sai ka faɗi abin da kake so ya ƙera maka.

A nan ne muka gane cewa zaɓi ma wahala ne. Kullum sai ya turo hotuna a waya. Kuna son esi ko fanka ta isa? A sa sola a rufi? Babban firij ko ƙarami? Gadon yara mai hawa biyu? Rumfar da ake warewa a gefe? Tankin ruwa babba? Ga shi kowane ƙari yana da nauyinsa, motarmu kuma akwai iyakar abin da za ta iya ja. Idan ka sa wannan, dole ka cire wancan. Firij dai ba mu yi gardama a kansa ba saboda allurar sugan Inna. Banɗaki ma haka. Sauran muka yi ta sa da cirewa, har abin ya zame mana hira mai daɗi a cikin kulle.

Daɗin ya ƙare ranar da aka zo kan ƙofa. Mai garejin ya ce iri biyu ce. Akwai ƙaramar ƙofa a gefe mai matakala, wadda kowa ke sa wa. Akwai kuma faffaɗa a baya, mai farantin ƙarfe da ake saukewa ya zama gangare, yadda za a iya tura keken marasa lafiya har ciki. Ita wannan tana da nauyi sosai, idan aka sa ta sai an haƙura da esi da wasu abubuwan. Kuma ya gargaɗe mu cewa da zarar ya yanka ƙarfe, magana ta ƙare, ba a sauyawa.

Maigidana bai yi wata-wata ba ya ce a sa mai gangare. Ni kuma na ce ban yarda ba. A ganina, yin odar ƙofar keke daidai yake da sa hannu a kan cewa mahaifiyata ta gama tafiya da ƙafarta. Likita bai ce haka ba, don me mu za mu riga shi? Shi kuma ya ce ba fata yake yi ba, gaskiya yake kallo, ya ga yadda take jan ƙafar daga ɗaki zuwa banɗaki, kuma bai shirya ganin ta faɗo daga matakala a dajin da babu asibiti ba. Muka yi kwanaki a kan wannan. Gida ƙarami, ba wurin ɓuya, sai muka koma yin gardamar da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, don kada Inna ta ji. Abinci ma sai mu ci kowa ya kalli gabansa. Yanzu idan na waiwaya, na san ba a kan ƙofa muke faɗa ba. Tsoro ne ya kama mu, kowa da irin nasa.

Ranar da nake ba da labarinta, da hantsi mai garejin ya kira. Ya ce ana shirin sake tsaurara kulle, zai rufe garejin, kuma ƙarfen da ya rage masa na karaban ɗaya ne, ga wani yana jira. Idan ba mu ba shi amsa kafin yamma ba, zai ba wancan, mu kuma sai abin da hali ya yi. Maigidana ya ajiye waya muka dasa daga inda muka tsaya, a kicin. Ban san muryata ta tashi ba. Sai na ji Inna daga bakin taga, ba ta ko juyo ba.

"Wane ne zai hau wilciya?"

Ashe zaman asibiti ya koya mata sunan keken marasa lafiya da Turanci. Na fara kame-kame, na ce zancen wani abokin aikinsa muke yi. Ta juyo ta dube ni irin kallon da take mini tun ina yarinya idan na yi ƙarya. Ba yadda na iya, na zauna a gabanta na warware mata komai, da ƙofar, da gangaren, da matakalar. Maigidana yana tsaye daga nesa kansa a ƙasa. Tsakaninsu akwai kunyar surukuta mai ƙarfi, duk zaman da ta yi da mu bai taɓa cin abinci a gabanta ba, ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Na zaci ta yi fushi. Sai ta ce a miƙo mata mayafinta da sandarta, a kai ta ta ga matakalar da idonta.

Muka haɗu ni da maigidana, karo na farko a kwanakin nan, muna ba ta haƙuri. Muka ce cutar ta yi tsanani a gari, asibitoci sun cika, in ban da ganin likita ba ta taɓa fita ba. Ta ce ta ji, amma ko a kai ta, ko kuma kada a ƙara yi mata zancen karaban har abada. Muka bar yara wurin maƙwabciyarmu, matar wani ɗalibi ɗan garinmu. Na sa wa Inna takunkumi biyu. A cikin lif na tsaya tsakaninta da ƙofa kamar jikina zai tare iska.

Hanya shiru, shaguna duk a rufe, sai masu babur masu kai abinci. Muka tarar da shingen 'yan sanda. An ƙayyade mutanen da za su shiga mota ɗaya, kuma ban san me za mu ce ba idan aka tambaye mu dalilin fita. Ɗan sandan ya leƙo, ya ga tsohuwa da sanda a baya, ya yi wa maigidana 'yan tambayoyi, sannan ya ɗaga mana hannu.

Garejin rumfar kwano ce babba, ga warin fenti da ƙarar walda. Mai shi ya tsayar da ma'aikatansa ya kore su can baya saboda Inna. Akwai wani karaban da ya gama wa wani, mai ƙaramar ƙofa, ya ce mu duba. A hoto matakalar nan ba komai ba ce. Sai da na tsaya a gabanta na ga tsayinta da siririntarta.

Inna ta taka a hankali har gabanta, ta miƙo mini sandar. Na kai hannu zan riƙe ta, ta ture.

"Kada wanda ya taɓa ni."

Ta kama gefen ƙofa, ta yi bisimilla, ta ɗora ƙafar dama a kan matakala ta farko, ta jawo ta hagu da ƙyar har ta hau. Na ji kamar in yi guɗa. Na saci kallon maigidana, ina so ya ga abin da nake faɗa masa. Shi ko bai kalle ni ba, ya matso bayanta kaɗan, hannayensa a buɗe.

Ta huta, numfashinta yana tura takunkumi yana dawowa. Ta ɗora ta dama a kan ta biyu. Ta yunƙura za ta jawo ta hagu, ƙafar ta ƙi tashi. Ta sake yunƙurawa, yatsun suka ɗan ɗagu suka sarƙe a bakin ƙarfen. Na ga yatsun hannunta suna zamewa daga jikin ƙofar ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake kusa da ita sai jikina ya sandare, na kasa ko motsi. Ta tafi da baya gaba ɗaya, ga daɓen siminti a ƙasa, ga guntayen ƙarfe a zube.

Maigidana ne ya tare ta. Ta faɗa a ƙirjinsa, nauyinta ya kai shi ƙasa a kan gwiwa, amma bai sake ta ba. Mai garejin ya ruga ya kawo kujera. Muka zaunar da ita, na durƙusa ina duba ta, ina kuka, ina tambayar ko ta buge. Ta ce ba ta buge ba. Ta gyara mayafinta, ta ƙi kallon inda surukinta yake, shi ma ya koma gefe yana kaɗe wandonsa da ya yage a gwiwa.

Na zaci a nan za ta karye, ta ce a mayar da ita gida. Sai da numfashinta ya daidaita, sannan ta yi magana, muryarta ko rawa ba ta yi.

"A sa mai gangaren. Ƙafar tawa ce, na fi ku sanin halinta. Amma ba don keke ba. Da ƙafata zan sauka a kansa, a sa mini ƙarfen riƙewa a gefe."

Maigidana ya fassara. Mai garejin ya ce boleh, wato zai yiwu, sai dai esi ya tafi ke nan. Da aka gaya mata, ta ce ita dama sanyin nan ciwon gaɓoɓi yake sa ta. Sannan ta nuna rumfar da ke naɗe a gefen karaban, ta tambayi mene ne. Aka ware mata ta gani. Mu kuwa tuni mun cire rumfa daga zaɓinmu saboda nauyi, ba mu ko yi tunanin tambayarta ba. Ta daɗe tana kallon inuwar da ta sauka a ƙasa.

"Wannan nake so. Ku kuna ta faɗa a kan yadda zan shiga. Ni ba ciki nake so ba, na gaji da ciki. Ku shimfiɗa mini tabarma a ƙasa."

Aka cire gadon yara mai hawa biyu aka mayar da rumfa, aka ƙara famfo a waje don alwala, shi ma ita ta nema. Muna tsaye mai garejin ya ja layi da alli a kan ƙarfen da zai yanka.

Hankalina bai kwanta ba sai bayan kwanaki. Duk tarin da Inna ta yi sai na taɓa goshinta, ina jin idan wani abu ya same ta daga fitar nan ba zan yafe wa kaina ba. Allah ya kiyaye. Kullen ya yi tsawo, aikin ya tsaya, sai bayan watanni aka kira mu. Tafiyarmu ta farko bakin wani rafi ce, ba nisa da gari. Maigidana ya sauke gangaren, Inna ta kama ƙarfen, ta sauko da ƙafarta tana ja a hankali, ta zauna a tabarma a ƙarƙashin rumfa, ta tura hannu cikin ƙasa ta damƙo. A wannan yammacin ta yi wa jikokinta tatsuniya. Ƙafar ba ta taɓa komawa daidai ba, kuma daga baya akwai ranakun da sai da muka tura ta a keke a kan gangaren nan. Da aka buɗe hanya ta koma gida da sandarta.

Abin da na koya a ranar nan ya bi ni har cikin aurena da tarbiyyar 'ya'yana. Ni da maigidana duk ƙaunarta ce ta sa mu gardama, amma ƙaunar ta rufe mana ido har muka manta cewa mai maganar tana zaune a ɗaki ɗaya da mu, da hankalinta da bakinta. Rashin lafiya ta taɓa ƙafarta ne, ba ta taɓa ra'ayinta ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ranar, duk lokacin da za a yanke shawara a kan wani, babba ne ko yaro, mai lafiya ne ko majinyaci, kafin in buɗe baki sai na tambaya ko an ji ta bakinsa.