Sati Tara na Anti Sai-a-hankali

Shekara ashirin da biyu ta yi a ofishin, ba wanda ya taɓa jin ta ce "gobe za a gama." Shi ya sa ake kiranta Anti Sai-a-hankali. Aikinta tsara jadawali: wa zai yi me, yaushe, cikin kwana nawa. Takan ce wurin maigidanta ta koyi sana'ar, mutumin da ya yi alkawarin gyara ƙofar banɗaki ran Asabar, bai taɓa ta ba sai da autarsu ta gama firamare.

Da aka kawo sabon manaja, matashi mai rawar kai, ya ce za a koma sabon gini cikin sati biyu. Anti ta gyara zaman tabarau, ta miƙa masa takarda mai sati tara.

A tsaye ya karanta. Fenti, kwana uku. Neman mai fenti bayan ya kashe waya, kwana huɗu. Rasuwar kakar mai gyaran wuta, kwana biyar.

"Anti, ya aka yi kika san kakarsa za ta rasu?"

"Ranka ya daɗe, sau uku tana rasuwa a hannuna."

Ya ɗora yatsa kan wani layi. "Wannan fa? Manaja zai canza ra'ayi, kwana shida?"

"Ai ragi na yi maka, don kai sabo ne. Wanda ka gada goma nake sa masa."

Ransa ya ɓaci, ya soke rabin takardar da jan biro, ya ce sati uku, ba ƙari. Anti ta ce to, ta koma kujerarta.

Mai fenti ya ɓace. Kaka ta rasu ranar Talata. Manaja ya leƙa sabon ginin, ya ce wannan shuɗin bango kamar asibiti, a sake. A sati na biyar ya lallaɓo teburinta, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaya ko tana da kwafin waccan takardar. Tana da guda uku.

An tare bayan sati tara da kwana biyu. Kowa na yi mata barka, ita kuwa ta ɗaure fuska, ta ƙi ko shan lemo. Kwana biyun nan suka tsaya mata a rai. Sai da ta bi kalanda ɗaya bayan ɗaya ta gano inda suka maƙale: ta manta ba ta ware lokacin tarurrukan da aka yi ana gardama kan jadawalin ba.