Birin da Yaya Sule Ya Rataye

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar wana, Yaya Sule, kuma har yau ban gyara abin da na rubuta a kansa ba.

Bayan ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu, mun sami gona wajen Doguwa, gab da daji. Birai suka addabi masarar Yaya. Al'adar manoman wurin ita ce a kashe ɗaya a rataye a bakin gona, 'yan'uwansa su gani su tsorata. A daminar da ya rasu kuwa ba sai an ɗana tarko ba, birai na faɗowa matattu da kansu. Yaya ya tsinci ɗaya da jini a hanci, ya saɓo shi a kafaɗa, ya rataye a ɗorawa. Da na tambayi abin da ya kashe shi, sai ya yi dariya: "Malam akawu, birin ma sai ka buɗe masa fayil?"

Ba a yi kwana goma ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Dasashi na zubar da jini, amai baƙi wuluk. Hajara, matarsa da ta yi jinyarsa, ta bi shi kafin sadakar arba'in.

Ni ke riƙe da rajistar ƙaramin asibitinmu. Na rubuta: zazzaɓi mai zubar da jini, bayan taɓa mushen biri. Jami'in da ya zo duba mu ya ce in soke, kada a firgita mutanen da ba su gama zama a sabon wuri ba. Na soke, na rubuta zazzaɓin cizon sauro. Ba a aiko kowa dajin ba, ba a gargaɗi kowa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: da hannuna na jera sunayen maƙwabta huɗu a ƙarƙashin nasa.

Yau ana jin irin wannan ciwo sai a killace gida, a zo da safar hannu a ɗebi jini. Da Yaya ya gani, na san zai yi ba'a. Daga baya zai tambaye ni me ya hana a yi wa Hajara haka.

Ɗorawar tana nan, gonar ta koma hannun wasu. Rajistar tana akwatina, kuma layin da na ja bai rufe rubutun farko ba. Ana iya karantawa. Ashe fayil ɗin da ya yi mini ba'a da shi na buɗe, ni na kuma rufe. Yau na sake buɗe shi a wannan rubutu, inda ba mai sa ni sokewa. Allah Ya jiƙan Yaya Sule, ni kuma Ya yafe mini.