Igiyar Nomau da Dudu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Nomau Mai Tufka a Boɗinga ya san cewa ba a hannu gaisuwarsa take ƙarewa ba. Kana miƙa masa hannu zai riƙe da dama, hagu kuma ta tafi yawo a jikinka tana neman igiya. Ta jakinka ce, ta gugarka ce, ratayar gafakarka ce, sai ya laluba ta, ya murza, ya kai hanci, sannan ya yi tsaki.

"Wa yat tufka wagga? A hwaɗa mashi shi koma noma."

Taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka ina da izinin faɗin abin da zan faɗa. Agana ce ta cinye idanunsa tun bai fi shekara biyar ba, ya tashi da sana'ar tufka, har ya kasance daga Boɗinga zuwa Shagari ba a ja ruwa a rijiya mai zurfi sai da igiyarsa. Ni kuwa ayari na bi tun ina saurayi. Na sha Gwanja, na zauna Nupe da Ilori, na hau Azbin, na leƙa Barno, na dawo da harsuna biyar ban da namu da Fillanci. Nomau bai taɓa ganin girman wannan ba. Aku yake kirana. Na ba shi labarin igiyar fata da Buzaye ke jan ruwa da ita a Azbin, ya ce mutanen da ba su iya tufka ba dole su fanɗare su koma wa fatar dabba.

Ba wanda ya tsira. Wata Juma'a limamin unguwarmu ya tsaya gaishe shi a bakin masallaci, hannun nan ya zarce har ƙugu, ya kama mazagin wando. Ya murza, ya ce, "Allah shi gafarta Malam, yau a taƙaita ruku'u." Liman ya yi fushi ya wuce. Waɗanda ke sahun farko sun ce ran nan da hannu ɗaya ya ja sallar, ɗaya yana ƙugu. Da yamma aka ga an aiko sayen mazagi biyu. Ko makarar unguwa bai bari ba. An fito da ita za a kai wani tsoho, ya sa hannu ya taɓa ɗaurin, ya ce in har da wannan za a kai shi, shi Nomau, to ya fasa mutuwa. Ya zauna ya tufka wadda za a ɗaure tasa makarar da ita, ya rataye a ɗaki, ya hana kowa taɓawa.

Mutumin da ya raina igiyar kowa, a kasuwar Shagari aka raina tasa. Yakan je can ranar kasuwa, riƙe da wutsiyar jakinsa, don ya ce jaki ya fi ɗan jagora, ba ya tsayawa kallon 'yan mata. Ran nan ina tare da shi. Wata Bafillatana ta zo ta jefa masa dangwali a cinya, igiyar nan mai madauki da ake jera maruƙa a kai. A wurinsa ta saya makon da ya wuce. Nomau ya soma zuba: shi wane ne, ubansa wane ne, sarakuna nawa suka ɗaure dawaki da aikinsa. Mai nonon da ke gefe ta ce ya huta da bakinsa, Dudu ce ta rugar Lambara, kurma ce, ba ta ji ba ta magana.

Dudu ba ta jira ya gama ba. Ta kama hannunsa, ta ware ɗan yatsa, ta bi da shi kan igiyar har wurin da ya haɗa rama bai matse ba. Ta danna yatsan a wurin sau biyu, yadda ake danna kan yaro a kan allo. Ta tafi.

Har muka baro Shagari bai ce uffan ba. Sai da muka yi nisa ya ce, "Aku, tana da miji?"

Na ce na ji an ce ya rasu bara.

Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Ya yi abin kirki."

Daga nan aikin Nomau ya lalace, amma a kasuwa ɗaya kawai, ga mutum ɗaya kawai. Kowane mako sai ya tufka dangwali mai kyau, ya ɓoye aibi guda a ciki, kowane mako kuma Dudu ta dawo da shi, ta kama yatsan ta kai wurin. Da ya ga tana saurin ganowa sai ya riƙa tura aibin can ƙarshen igiya, don tafiyar ta yi tsawo. Ita ma ba sakarya ba ce. Mai nono ta gaya mini maruƙanta uku ne kacal, amma ta tara dangwalin da zai ɗaure garken sarki.

Da kaka ta yi ya ce in raka shi Lambara wurin wanta, Buba, wanda shi ne waliyyinta, tunda harsunan nan nawa ba su taɓa yi wa kowa amfani ba. Shi bai san komai a Fillanci ba sai "jam". Na yi gaisuwa yadda ya kamata, na tambayi shanu, na tambayi ruwa, na zagaya na zagaya sannan na ajiye maganar. Buba mutum ne mai kunya, bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai raina makaho ba, gidansu ma Allah ya taɓa su. Amma mu duba: ita da hannu take magana, shi ba ya ganin hannu. Shi da baki yake magana, ita ba ta jin baki. In wuta ta kama ɗaki ita ba ta iya kira, shi ba ya iya gani. In ciwo ya kayar da ita a bayan gida, sai ta kwana a can yana zaure yana zagin igiyar mutane.

Na juya wa Nomau maganar ban rage komai ba, don gaskiya ce. Ya zare wani nadi daga hammata, igiyar rama siririya, santsi kamar gashin doki, ban taɓa ganin ya yi irinta ba. Ya ɗaura bakinta a wuyan hannunsa, ya ce in miƙa wa Dudu ɗaya bakin. Ban ma tashi ba ta zo ta karɓa da kanta, ta ɗaura a nata hannun a gaban wanta da matan ruga, ta juya ta tafi har bayan bukkoki. Nomau ya ja sau biyu. Jim kaɗan sai ga ta da ƙwaryar nono. Ashe duk watannin nan da nake tsammanin dangwali ake dubawa, karatu ake yi.

Buba ya bi igiyar da ido daga hannun Dudu zuwa na Nomau. Sannan ya ce ya ba da ita, amma da sharaɗi, kuma ya rantse a kai: duk ranar da ya zo Boɗinga ya tarar igiyar nan ta tsinke, zai kora ƙanwarsa gida da ita da maruƙanta, ba biko.

Nomau ya ce, "Hwaɗa mashi, tawa ba ta tsinkewa. Shi dai shi ji da ta wandonshi."

Wannan ban fassara ba.

Suka zauna a gidan da ke jikin nawa, darni ɗaya ya raba mu. Igiyar ta tashi daga zaure inda yake tufka, ta bi bayan rumbu, ta kai madafa. Ja ɗaya, zo. Ja biyu, abinci. Ja uku, salla, don shi ke jin ladan, ita kuma ita ke ganin wata, ranar da aka ga na azumi ta kusa cire masa kafaɗa. Sauran kuwa ban taɓa ganewa ba. Na zauna da Nufawa wata shida na iya ciniki da harshensu, amma na yi shekaru ina kallon igiyar nan tana rawa, Nomau ya fashe da dariya shi kaɗai a zaure, in tambaye shi ya ce ba maganar yara ba ce. A Kano na ga makafi da unguwarsu da sarkinsu, suna aure a tsakaninsu. A Ilori na ga kurame biyu suna hira da hannu har mutane na taruwa kallo. Ban ga inda aka haɗa irin wannan ba sai a bayan darnina.

Kuma suna faɗa, kada wani ya ce muku ba sa yi. In ya ishe ta sai ta kwance igiyar ta ɗaura wa turmi, ta tafi maƙwabta. Na taɓa ganinsa ya yini yana fizga yana yi wa turmi wa'azi a kan haƙƙin miji. Da na gaya masa, ya ce ai shi ya ji nauyin ya ƙaru, ya ɗauka kunya ce ta kama ta.

Buba bai manta da rantsuwarsa ba. Yakan faɗo ba sanarwa, ya yi gaisuwa, ya bi igiyar da ido, ya tafi. Nomau yana sabunta ta kowace kaka, kuma kullum da safe yana bin ta da hannu daga baki zuwa baki. Abin da bai yi shiri dominsa ba shi ne akuya. Tawa ce ma, na amsa laifi.

Da hantsi ne. Ina bisa darni ina gyaran zana, na ga Dudu ta taho bayan rumbu ta tsaya cak: akuyar ta gutsure igiyar gida biyu, tana can tana tauna. A daidai lokacin malfar Buba ta ɓullo a ƙofar zaure. Ƙulli ba zai yiwu ba, don duk ƙasar nan an san aikin Nomau ba ya da ƙulli. Sai ta durƙusa ta haɗa bakin biyu a tafin hannunta, ta naɗe, ta ja gefen zane ta rufe, ta zauna ta jawo faifai kamar mai tsintar gero da hannu ɗaya.

Nomau bai san komai ba, kuma ga suruki ya zo, dole a nuna gwaninta. Ya ja ɗaya, ba ta zo ba. Ya ja biyu, ba abinci. Ya ce wa Buba yau ƙanwarsa ta tashi da halin Fulani. Sannan ya miƙa masa igiyar ya ce, "Ja ka ji aiki. Ja da ƙarhi, ba ta Lambara ba ta." Buba ya ja. Na ga jikin Dudu ya karkata, ta kafa ƙafa a gindin rumbu, ba ta saki ba. Ya shiga ciki ya gaishe ta, ta amsa da ka tana zaune, ko ruwa ba ta tashi ta ba shi ba. Ya zauna har azahar, ita ma tana nan. Ya tafi da yunwarsa.

Da na gaya wa Nomau abin da ya faru, ya lallaba ya je bayan rumbu, ya buɗe tafin hannunta ya shafa. Igiyar ta yanke fata. Sau biyu ke nan a rayuwata na ga bakinsa ya mutu, kuma duka biyun ita ce sanadi. Can ya share hanci ya ce akuyar ba ta da laifi, duk Boɗinga ita kaɗai ta san abu mai daɗi.

Shekara ashirin da wani abu Dudu ba ta makara sallar asuba ba, sai watan jiya. Ta farka ta ga rana a bakin ƙofa, igiya kwance a hannunta. Ba ta je ɗakinsa ba, gidana ta zo, ta ɗaga hannun ta nuna mini. Na gane, karon farko ba tare da an fassara mini ba. Muka ɗaure makarar da igiyar da ya ajiye, liman ya taɓa ɗaurin ya ce, to, yau Nomau ba shi da abin cewa.

Ran uku Buba ya zo, ya tsufa, yana dogara sanda. Bayan addu'a ya ja ni gefe ya ce tun daga ƙofa ya ga akuyar ran nan da guntun igiya a baki. Ya ja ne don ya ga ko za ta saki. Da ya ji ba ta saki ba, ya san ba ramar ce ke riƙe da gidan ba. Ya zauna har azahar ne kawai don Nomau ya ce ta Lambara ba ta da ƙarfi.

Ya yi wa Dudu alama da hannu cewa in ta gama takaba ta zo su koma ruga. Ta ɗaga igiyar ta bi ta da yatsa a gabansa daga baki zuwa baki, ba aibi ko ɗaya. Buba ya ce alkawari alkawari ne, ya ɗauki sandarsa.

Yanzu ɗaya bakin ya ratso darni, matata ta ɗaura shi a ƙofar ɗakina. Ja uku na salla kawai aka ba ni, kuma Dudu ta riga ta kai ƙarata wurin matata cewa ina ja kamar mai fid da jaki daga rijiya.

Allah ya jiƙan Nomau, ya yafe masa abin da ya yi wa mazagin bayin Allah, ya buɗe masa idanu a inda gani ya fi daɗi. Ya ba Dudu haƙuri, kuma in lokaci ya yi, ya sa muryarsa ce farkon abin da za ta ji. Amin.