Koriyar Kwalbar Zadok

Kakata Kezia, wadda duk unguwar Luggere ta sani da Maman Fibi, ta yi shekara talatin da ɗoriya tana gyaran hula a bakin kasuwar Jimeta. Ba sha'awa ce ta kai ta sana'ar ba. Haushi ne.

Sana'ar ta mijinta ce, Zadok. Huluna iri biyu ake kawo masa: jar dara ta masu sarautar cikin Yola, da hula mai baki wadda dattawan coci da malaman makaranta ke ɗorawa ran Lahadi. Dukansu da matsattsen gashin tumaki ake yin su, kuma da an wanke sai gashin ya mimmiƙe kamar jikin ɗan tsako. Maganin wannan shi ne babbaka. Zai kifa hular a kan wani kututture mai mariƙi, ya yayyafa mata sifirit da yatsu uku, ya ƙyasta ashana. Wuta ta zagaya sau ɗaya ta lashe gashin da ya tashi, sai ya rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. In ya bi da burushi, hula ta fito sumul kamar yau aka sayo ta.

Zadok yana tsoron wutar nan, kuma ba ya ɓoyewa. Ya ce wutar sifirit munafuka ce, ba a ganinta a cikin rana, don haka a inuwa yake aiki. Kafin ya taɓa ashana sai ya toshe kwalbarsa da totuwar masara, ya kai ta bayan katanga. Koriyar kwalba ce mai jan zare a wuya, duk layin an san ta.

Absalom ɗan ƙauyensu ne, magidanci, wanda aiki ya ƙare masa a wani kamfani ya sauka gidansu da babur ɗinsa da jaka ɗaya. Zadok ya koya masa aikin, Kezia ta ciyar da shi shekara biyu. A makon Ista na 1984 huluna suka taru, sifirit ya ƙare, ga Zadok yana fama da mura har ba ya jin warin komai. Ya ba Absalom kwalbar ya aike shi kemis. Kemis ɗin Jimeta babu, sai an je cikin Yola. Absalom ya duba zafin rana, ya auna nisan hanya a ransa, ya zuƙo fetur daga tankin babur ya cika sauran abin da ke gindin kwalbar. Koren gilashi ya ɓoye kalar.

Hular Dattijo Wilson, shugaban dattawan cocinsu, ita ce a kan kututture. Zadok ya yayyafa, ya toshe kwalba, ya kai bayan katanga kamar kullum. Yana ƙyasta ashana wuta ta yi tsalle ta kama hannayensa biyu da gaban rigarsa. Ya Kellumi, 'yar Barno mai turaren wuta a rumfar da ke jikin tasa, ita ta fizgi jiƙaƙƙen buhun ta danne shi da shi.

Mako tara ya yi a asibiti. Ya fito da yatsu a ƙandare, ko cokali ba ya riƙewa sai an ɗaura masa. Kafin ya fito kuwa labari ya riga shi gida. Absalom ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa kamar abin yana damunsa, yana cewa ai Yaya ya daɗe yana ɗan kurɓar abin aikin, ran nan ma a buge yake, shi ya sa ya kwarara wa hula sifirit kamar mai wanka.

Dattawa suka kira zama. Zadok ya ce wutar da ta ci shi ba ta sifirit ba ce, ta fetur ce. Absalom ya miƙe ya ce a gaban Allah da hannunsa ya sayo sifirit zalla. Aka ce a kawo kwalba, aka nema aka rasa. Sai aka sa Zadok a horo: zai zauna a bencin baya, ba zai ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasar da masu bi ke ci tare a coci, sai ran da ya tsaya gaban jama'a ya furta cewa ya sha. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana ba da waƙa a coci.

"Ka faɗa kawai mana, Baban Fibi, a wuce wurin," in ji 'yan'uwansa.

"In yi ƙarya don a bar ni in ci Jibi?" Ya koma bencin baya ya zauna, hannaye a kan gwiwa.

Kwana biyu bayan zaman, Ya Kellumi ta zo Luggere da wani abu a ƙunshe cikin mayafi. Ta ja Kezia bayan madafa ta kwance, sai ga koriyar kwalbar.

"Tun ran nan na tsince ta. Na ga mutuminku yana laluben bayan katanga kamar kaza ta ɓatar da ƙwai. Shinshina."

Kezia ta zare totuwar. Warin fetur ya doke ta har idonta ya kawo ruwa. Ta ɗaura ɗankwali za ta fita.

"Ina zuwa, Maman Fibi?"

"Gidan Dattijo Wilson."

"In ya ce miki wa ya sani ko ke kika zuba fetur ɗin fa? Ke matarsa ce, ni kuma ba 'yar cocinku ba. Zauna. Turare ma sai an bar shi ya jiƙu yake kama ɗaki."

Kezia ta zauna, amma zuciyarta ba ta zauna ba. Absalom ya riga ya gaje rumfar da kututturan da masu kawo aiki. Wata Lahadi da azahar, kasuwa ba kowa, ta je ta tsaya gaban rumfar da kwalbar a hannu da ashana a bakin zane. Ta daɗe a tsaye. Abin da ya hana ta ba tausayinsa ba ne, ita da kanta ta sha faɗa. Zanar rumfarsa a jingine take da ta Ya Kellumi, wuta kuma ba ta tambayar rumfar wa ce. Ta gangara bakin Binuwai ta tuttular da fetur ɗin a yashi, ta wanke kwalbar da toka, ta cika ta da ruwan kogi. A gida ta mayar da totuwar, ta liƙe bakin da kakin kyandir, ta tura ƙarƙashin akwatin aurenta.

Washegari ta ce wa Zadok, "Bakinka bai ƙone ba. Koya mini."

Masassaƙi ya yi mata kututture biyu. Ta kafa tebur a tsallaken hanya, daidai inda Absalom zai gan ta duk lokacin da ya ɗaga kai. Zadok yana zaune a kujera yana ba da umarni: "Yatsu uku, ba tafin hannu ba! Kin toshe? Kai ta baya. Ina buhu?" A watan farko ta babbake girarta ta hagu, ta lalata darar wani dogari.

Absalom ya leƙo daga rumfarsa. "Maman Fibi, sannu da aiki! Babbakar hula fa ba babbakar kan akuya ba ce."

"Na sani, Absalom. Akuyar ai tana nan tafe."

'Yan layi suka yi dariya, shi ma ya yi. Ita ba ta yi ba.

Shekara huɗu aka yi haka. Hannunta ya faɗa, har masu dara daga cikin Yola suka fara tsallaka hanya zuwa teburinta. Absalom kuma ya gina gida a unguwar Demsawo, ya sayi wa coci agogon bango, yana zama a layi na biyu. Kowace Lahadi Kezia takan raka mijinta bencin baya, ta buɗe masa littafin waƙa a kan cinya, sannan ta wuce wurin mata. Zadok ya taɓa ce mata ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa, amma tana tsaye kusa ko zai aike ta.

Sai aka sanar da sunan Absalom cikin waɗanda za a naɗa dattawa. A al'adar cocin, akan karanta sunayen Lahadi uku a jere, mai magana ya fito. Ta bar ta farko ta wuce. Ta bar ta biyu, har matarsa ta ɗinka anko. A ta uku ta miƙe.

Bayan sujada aka shiga ɗakin dattawa. Kezia ta shigo da kwando. Ta fito da kututture da wata tsohuwar dara, ta kunna kyandir ta kafa a kan tebur.

Dattijo Wilson ya ce, "Maman Fibi, nan ba kasuwa ba ce."

"Baba, a yi mini haƙuri, ni ban iya dogon bayani ba, aikin hannu na iya. Absalom, a ɗakin nan ka ce sifirit zalla ka sayo wa mijina. Har yanzu haka ne?"

"Haka ne. Sau nawa zan faɗa?"

"To riƙe mini nan."

Ta danƙa masa mariƙin kututturen. Ya karɓa yana murmushi yana duban dattawa. Sai ta sa hannu a kwando ta fito da koriyar kwalba, jan zarenta na nan a wuya.

"Ga sauran sifirit ɗinka. Bari mu gama hular da shi."

Ta matso da kyandir dab da hannunsa. Ta ɗaga kwalbar bisa hular, ta sa farce ta fara ɓanɓare kakin, a hankali, harshen wuta na kaɗawa kusa da yatsunta.

Absalom ya yi jifa da kututturen, ya ture benci, ya manne da bango. "Kashe wutar! Za ki ƙone mu, fetur ne a ciki!"

Dattijo Wilson ya cire tabarau. "Ba a buɗe ba tukuna, Absalom. Ta ina ka sani?"

"Baba, ba da gangan ba ne... ban cika ta ba ma, akwai sauran sifirit a ƙasa, na ɗauka in sun gauraya..."

Kezia ta zare totuwar, ta tsiyaya abin da ke ciki a kan kyandir. Wutar ta yi cus ta mutu.

"Ruwan Binuwai ne," in ji ta. "Ka ga ka tsira da hannuwanka. Ka riƙa tafa su da kyau daga bencin baya."

Lahadin da ta biyo, Dattijo Wilson da kansa ya taka har bencin baya, ya kamo Zadok a gwiwar hannu ya kawo shi gaba. Da aka zo Jibi, Kezia ce ta sa masa gurasar a baki, don yatsun ba su dawo ba, ba su kuma taɓa dawowa ba. Absalom ya zauna a gurbin da Zadok ya ɗumama shekara huɗu. An ce in ya furta a gaban jama'a za a sassauta masa bayan wata shida. Ya furta. Matan zumuntar coci suka zo gida suna roƙon Kezia ta je ta ba shi hannu, ta ce hannun da zai karɓa yana wurin Baban Fibi, ya zo ya duba ko zai iya miƙewa. Kafin watannin su cika ya sayar da rumfar ya bar Jimeta.

Fasto ya yi mata wa'azin gafara fiye da sau ɗaya. Takan saurara har ƙarshe, ta kawo masa ruwa, ta karɓi hularsa ta gyara. Har ta tsufa ba ta yarda kowa ya sayo mata sifirit ba, kuma duk sabuwar kwalba sai ta ɗiga kaɗan a murfin gwangwani, ta kai nesa ta kunna ta ga kalar wutar kafin ta kusanci hula. Kwalbarta fara ce, ana ganin abin da ke ciki. Koriyar kuwa tana kan kabad a ɗakinta a Luggere, da jan zarenta. Ran da za a rufe Zadok, mahaifiyata Fibi ta ce a jefar da ita haka nan. Kezia ta karɓe, ta goge ta da gefen zane, ta mayar inda take.